Daga Bagauda Zuwa Wudil: Tarihin Jami'ar Fasaha ta Kano

Tun kafin a yi zancen kafa wata jami'a ta kimiyya da fasaha a ƙasar Kano, kudancin jihar ya riga ya zama wurin da injiniyoyi suka fi baje kolin hikimarsu, domin a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙi ragamar jihar daga 1967 zuwa 1975, aka datse ruwan Bagauda, sa'an nan daga 1971 zuwa 1974 aka gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda ke riƙe da ruwan da ya kusa kubik mita biliyan biyu, kuma daga gare ta ne aka ja magudanan da suka rayar da Kadawa da Kura da Bunkure, suka mayar da rani lokacin alkama da tumatir da shinkafa. Can ciki kuwa, bayan an wuce Tudun Wada an ratsa dajin Falgore, akwai duwatsun Riruwai na ƙasar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. To, ƙasar da ke da madatsa da magudana da ma'adinai, lalle ne ta bukaci masu lura da ƙofofin ruwa, da masu gyaran famfo da tarakta, da masu auna ƙasa da lissafin ƙarfe, alhali kuwa a wancan lokaci ɗan Kano da ya kai ga digirin injiniya sai an tona, kuma mafi yawan waɗanda suka samu sai da suka je Zariya suka karɓo shi a Jami'ar Ahmadu Bello.

Malamanmu na da ba su ɗauki irin wannan rashi da wasa ba. Imamu Gazali ya lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su, kamar noma da saƙa da likitanci da hisabi, a cikin farillan kifaya, watau waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi baki ɗaya, idan kuwa wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi wa masu mulki wasiyya da su kula da masu sana'a su zaunar da su a garuruwa. Saboda haka sa'ad da hukumar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta kuma ci gaba da riƙon kwalejojin koyon sana'a irin ta Bagauda, ba wani baƙon abu ta zo da shi ba, sauke farali ta soma yi. Sai dai nasarar waɗannan makarantu ita da kanta ta haifi wata matsala, don kuwa kowace shekara suna yaye yara masu ƙwazo a lissafi da kimiyya, amma guraben da ke Jami'ar Bayero da ta Zariya na Gwamnatin Tarayya ne, ana raba su tsakanin jihohi, ba su isa su ɗauke kowa ba.

A 1988 gwamnatin jihar ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Ibrahim Umar domin ya duba yiwuwar kafa jami'a ta jiha. Zaɓen wannan bawan Allah ya dace ƙwarai, domin masanin kimiyyar fiziya ne, ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, daga baya ya riƙi Hukumar Makamashi ta Nijeriya, ya kuma jagoranci Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, inda aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a 2004, ta farko a ƙasar nan. Mutumin da ya san abin da ɗakin gwaji ke ci na kuɗi da haƙuri, ba zai ɗauki kafa jami'ar fasaha tamkar buɗe ajin karatu da allo da alli ba. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Fabrairu na 1989 yana goyon bayan a kafa, aka sake naɗa wani kwamitin masana ya tace rahoton, aka kuma ɗora wa wani na uku alhakin aiwatarwa, da niyyar a soma karatu a watan Oktoba na 1991. A wancan zamani sunan Bagauda ne ke bakin mutane a matsayin mazaunin jami'ar, kuma jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada sun sa rai.

Ba a soma ba. Wanda ya tuna halin da ƙasa ke ciki a waɗannan shekaru ba zai yi mamaki ba: tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, har kayan ɗakin gwaji da ake sayowa daga Turai suka gagari jami'o'in da suka daɗe da kafuwa, balle wadda ba a haifa ba; sa'an nan a watan Agusta na 1991, wata biyu kacal kafin ranar da aka ɗiba, aka yanke Jigawa daga Kano, aka shiga rabon ma'aikata da kadarori, gwamnatin farar hula ta Kabiru Gaya da ta hau a farkon 1992 ba ta cika shekara biyu ba soja suka sake karɓar mulki a ƙarshen 1993. Haka takardun suka kwanta a ofis shekara da shekaru. Gine-ginen otal ɗin bakin tafkin Bagauda kuwa daga bisani sai suka zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wanda yake nan har yau, ta yadda wurin da aka yi wa fatan injiniyoyi ya koma yaye masu baƙar riga da farar hular gashi. Ba na raina aikin lauya, amma manomin Kadawa da injinsa ya tsaya ana tsakar ban-ruwa ya san wanda ya fi bukata a cikin biyun.

Sai da mulkin farar hula ya dawo a 1999 aka kakkaɓe ƙurar waɗannan takardu. Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso injiniyan ruwa ne, ya yi shekaru yana aiki a hukumar WRECA wadda a lokacin ke kula da madatsu da ruwan sha na jihar, saboda haka ya san ciwon rashin ma'aikata daga ciki. Aka tsayar da shawara a kan Wudil, garin Makaman Kano, mai babbar kasuwar shanu ta ranar Juma'a, a kan hanyar da ta nufi Maiduguri, aka kuma soma karatu a watan Afrilu na 2001 da sunan Jami'ar Fasaha ta Kano, shekara 13 bayan naɗa kwamitin farko. Mutanen kudu sun ji zafin wannan sauyin wuri, kuma da gaskiyarsu, ko da yake alaƙa ba ta yanke duka ba, don ruwan da aka saki daga Tiga shi ne ke gangarawa ya haɗu da na Challawa ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil ya nufi Haɗeja.

Abin lura shi ne jami'ar da aka kira ta fasaha ta buɗe ƙofarta ba tare da tsangayar injiniya ba. Tsangaya biyu ta fara da su, ta aikin gona da ta kimiyya, inda ake koyar da noma da sarrafa abinci da lissafi da ƙididdiga da ilmin kwamfuta. Wasu sun ga wannan abin dariya ne, ni kuwa ina ganin hankali ne, domin Majalisar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ba sa amincewa da darasin injiniya sai sun zo sun ga injinan sassaƙa ƙarfe da na walda da na gwajin siminti da idonsu, sun ƙidaya malamai, kuma ɗalibin da ya gama karatun da ba a amince da shi ba ya yi asarar shekara biyar. Da ƙafa ta tsaya sai aka buɗe tsangayar injiniya mai sassan gine-gine da lantarki da kanikanci, aka ƙara ta nazarin ƙasa da muhalli, aka faɗaɗa sunan ya zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, daga baya kuma ilmin kwamfuta da lissafi suka samu tsangaya tasu ta kansu. Cikin waɗanda suka riƙe ta tana jaririya akwai Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, masanin lantarki da sadarwa daga Jami'ar Bayero, wanda a 2015 aka ba shugabancin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, ya riƙe ta har 2023.

Ɓangaren makamashi shi ne inda za a fi gane ko jami'ar ta cika alkawarinta. Madatsar Tiga ta yi shekara kusan arba'in ruwanta na zuba ba a samar da wutar lantarki daga gare shi ba, sai a zangon Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin tashar megawat 10 a gindinta, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ci gaba da shi. Injin da ruwa ke juyawa abu ne mai bukatar kulawa kullum, daga man shafawa zuwa taransifoma zuwa na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, kuma ga wata hikima a ciki: ruwan da mai wuta ke so a saki dare da rana, shi ne manomin rani ke so a tattala masa zuwa watan Maris, saboda haka wajibi ne a samu mai lissafin da ya san ɓangarorin biyu. Haka nan faifan hasken rana da ya cika ƙauyukan Kiru da Doguwa, yana jan ruwan rijiyar burtsatse yana cajin waya, mafi yawan masu ɗaura shi a kasuwa suka koya wajen iyayen gidansu, da ƙiyasi suke auna batir da waya, shi ya sa kayan ke mutuwa kafin lokacinsu. Tsakanin bakaniken da ke da hannu ba lissafi da mai digirin da ke da lissafi ba hannu, akwai wani fili babba, kuma wata shida na koyon aiki a masana'anta da ake tura ɗalibi bai isa ya cike shi ba, musamman tun da masaƙu da masana'antun Sharaɗa da Bompai da dama sun rufe saboda rashin wutar nan da muke zance.

Ilmin kwamfuta ya fi saurin yaɗo, domin jarinsa bai kai na kanikanci nauyi ba. Yaron Tudun Wada da ya samu kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet yana iya koyon rubuta manhaja ya yi wa kamfanin da ke Legas aiki daga ɗakinsa, matuƙar dai akwai wutar da zai yi caji.

A 2012 jihar ta buɗe jami'a ta biyu a cikin birni, wadda ta rage wa Wudil cunkoson masu neman gurbi, amma ta zama abokiyar rabon kasafin kuɗi ɗaya. Yawancin sababbin gine-ginen Wudil, kamar na sauran jami'o'in jihohi, daga asusun TETFund na tarayya suka fito, albashi kuwa yana wuyan jiha. A 2022 gwamnatin Ganduje ta sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, don girmama attajirin nan ɗan Kano da ya daɗe yana uban jami'ar, kuma mai matatar mai da masana'antun siminti da taki waɗanda ke ɗaukar injiniyoyi da yawa. Mutanen Wudil da direbobin tasha dai har yanzu da tsohon sunan suke kiranta, ɗaliban kudu kuma, 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, galibi sai sun shigo Kano sun sauya mota kafin su kama hanyar makarantar.