Medok: Fadamar Da Ta Zama Gonar Attajirai A Bakin Kogin Jirond

 Rubutunmu na wannan makon zai kai mu kudu maso yammacin Faransa, wani yanki da ake kira Medok, inda masu yawon buɗe ido ke hawan keke suna ratsa gonakin inabi. Zancen giyar inabi zai shigo saboda tarihin wurin ba ya faɗuwa sai da ita, amma ba tallarta nake yi ba.

Koguna biyu, Garon da Dordon, suna haɗuwa a arewa da birnin Bordo, su zama ruwa ɗaya mai faɗi da ake kira Jirond. Ruwan yana tafiyar kimanin kilomita 75 kafin ya faɗa Tekun Atilantika, kuma a kusa da bakinsa faɗinsa ya kai kilomita 12. A nan ruwan daɗi ke cuɗanya da na gishiri, kuma babu mashigi irinsa mai girmansa a Yammacin Turai. Medok shi ne zirin ƙasar da ke tsakanin wannan ruwa da teku. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, shi ya sa keke ke daɗin tafiya a cikinta.

Mai keken da ya taso daga arewa yakan shiga jirgin fito a garin Royan, ya sauka a Le Verdon. Daga wannan gaɓa ana hango hasumiyar Korduwan a tsakiyar ruwa. An fara gina ta a 1584 ƙarƙashin magini Louis de Foix, aka kammala a 1611, sannan aka ƙara mata tsawo a ƙarshen ƙarni na 18. Ita ce hasumiyar haska wa jirage hanya mafi tsufa da ke aiki har yau a Faransa, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2021. Ku riƙe sunanta, za mu dawo kanta.

Arzikin yankin ya faro ne daga wani aure. A 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Akitaniya, ta auri Henry, wanda ya zama sarkin Ingila bayan shekara biyu. Da wannan aure Bordo ta koma ƙarƙashin sarautar Ingila har kusan shekara 300, jirage na ta jigilar giya zuwa can, sai a 1453 Faransa ta ƙwace yankin bayan yaƙin Kastiyon. A duk tsawon wannan zamani, galibin Medok fadama ce mai sauro da zazzaɓi, wurin kiwo da ɗan noman hatsi.

A 1599 Sarki Henri na Huɗu ya ba da umarnin a busar da fadamun Faransa, aka ɗauko gwanayen aikin daga Holan, mutanen da suka saba ƙwatar ƙasa daga hannun teku. Cikin ƙarni na 17 suka haƙa magudanan ruwa a Medok, suka yi madatsai masu ƙofa da ke rufewa in ruwan teku ya taso, su buɗe in ya janye. Da ruwa ya tsane, hanyoyi suka samu, aka iya kaiwa ga tuddan tsakuwa da koguna suka tara tun fil azal. Ƙasar da manomin gero zai kira fako ita inabi ke so: tsakuwa ba ta riƙe ruwa, tana tara zafin rana, kuma tana tilasta wa saiwa ta nutsa ƙasa. Manyan Bordo suka yi rububin sayen filayen. Ɗaya daga cikinsu, Nicolas-Alexandre de Ségur, wanda ya rasu a 1755, ya mallaki gonakin Lafite da Latour a lokaci guda.

A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, aka nemi dillalan Bordo su jera gonakin bisa daraja. Da farashi suka yi awo, suka kasa su aji biyar. Huɗu ne suka shiga ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion, kuma ta ƙarshen ce kaɗai ba a Medok take ba. Sai a 1973 aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa wannan aji. Jerin da dillalai suka yi shekara 170 da suka wuce shi ke yanke farashi har gobe.

Ba a jima ba annoba ta sauka. Wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cinye saiwar inabi a Faransa cikin shekarun 1860. Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Faransa a ɗaura a kan kututturen inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. A cikin shekarun 1880 kuma, wani malamin ilmin tsirrai, Alexis Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya a Medok, wanda ake yayyafa wa garwayen tagulla da farar ƙasa don ɓarayi su ji tsoron ci, bai kamu da cutar funfuna ba. Daga dabarar korar ɓarawo aka samu maganin feshi da har manoman koko a Afirka ta Yamma suka amfana da shi.

In mai keke ya iso Lamark, akwai wani jirgin fito da ke ƙetarawa zuwa Blaye. A can injiniyan soja Vauban ya gina wa Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ganuwa tsakanin 1685 da 1689. Da yake igwar zamanin ba ta iya ƙetare faɗin ruwan, sai aka ƙara sansani ɗaya a tsibirin tsakiya, ɗaya a gaɓar Medok, ta yadda jirgin abokan gaba ba zai wuce zuwa Bordo ba tare da ya sha wuta ba.

Me ake karewa haka? Dukiyar tashar Bordo, kuma a nan ne labarin ya taɓa mu. Tsakanin 1672 da 1837 jirage sun tashi daga Bordo kimanin sau 500 don cinikin bayi, suka kwashi 'yan Afirka fiye da 100,000 zuwa tsibiran Amurka. A Faransa, tashar Nant ce kaɗai ta fi ta a wannan harka. Ribar da ta fi wannan ma ta fito ne daga sukari da kofi na San Domang, wato Haiti ta yau, waɗanda bayi suka noma. Da wannan kuɗi aka ƙawata birnin a ƙarni na 18, kuma wasu 'yan kasuwar sun zuba nasu a gonakin inabi. Kowane ɗaya daga cikin jiragen nan ta gaban Korduwan ya fita, hasumiyar na haska masa hanya.

Birnin ya daɗe bai son zancen. A 2001 Faransa ta yi dokar da ta kira cinikin bayi laifin cin zarafin bil'adama. A 2009 gidan tarihi na Akitaniya ya buɗe ɗakuna na musamman a kan batun, a 2019 kuma aka kafa mutum-mutumin Modeste Testas a bakin kogi, wata 'yar Afirka da 'yan kasuwar Bordo suka saya suka kai San Domang.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mai keke zai iya ratsa Medok daga farko zuwa ƙarshe ya ga layukan inabi da manyan gidaje kawai, alhali magudanar da ke gefen hanyarsa aikin mutanen Holan ce, kututturen inabin daga Amurka ya zo, wani kaso na kuɗin ginin kuma gumin 'yan Afirka ne. Mu ma muna wuce ganuwa da kududdufai da tsofaffin kasuwanni kullum ba mu tambayi wa ya gina, wa ya haƙa, ko me ake sayarwa a wurin da can ba. Wane wuri ne a garinku kuke ganin ya kamata a yi masa irin wannan tambaya? Ina jiran tsokacinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.