Ciwon Baya da Raunukan Aikin Yau da Kullum a Fadamar Haɗeja

Yawancin masu zuwa asibiti da ciwon kwankwaso daga Haɗeja, Auyo, Kirikasamma ko Guri ba haɗari suka yi ba. Idan aka tambayi mutum yadda abin ya faro, sai ya ce ya sunkuya zai ɗaga buhu ne ya ji bayansa ya riƙe. Buhun nan shi ne na ƙarshe kawai. Raunin ya daɗe yana taruwa daga yadda ake sunkuyo, da ɗaukar kaya, da murɗa jiki kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke naƙasa mutane a duniya.

Abin da ke faruwa a cikin baya

A ƙasan gadon baya akwai ƙasusuwa 5 da ke ɗauke da nauyin gangar jiki, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai aiki kamar gammo. Idan mutum ya sunkuya daga ƙugu, gwiwoyinsa a miƙe, ya ɗago kaya nesa da jikinsa, nauyin yakan ninku a kan waɗannan faya-fayan da tsokar da ke riƙe da su. Mafi muni shi ne a ɗaga kaya a kuma murɗa ƙugu lokaci guda, kamar yadda ake yi wajen jefa buhu cikin mota ko kwale-kwale. Galibi tsoka ce ke yin targaɗe. Wani lokaci kuma faifan ne ke bullutsowa ya danne jijiya, sai zafi ya riƙa sauka ta bayan cinya har ƙafa.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sanya kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya ɗaga da hannu biyu, shi ma a yanayi mafi kyau. Jarka mai lita 25 cike da ruwa ta riga ta wuce wannan. Buhun shanshera kuwa ya ninka shi sau uku ko huɗu. Ba wanda zai ce wa manomi ko ɗan dako ya bar sana'arsa, amma yadda ake ɗagawar yana hannunsa. A matso daf da kayan, a buɗe ƙafafu, a tsuguna, a rungumo kayan jikin ciki, sannan a miƙe da ƙarfin cinyoyi. In za a juya, a juya da ƙafafu, ba da ƙugu ba. Buhu cikakke na mutum biyu ne, haka ma injin ban ruwa idan za a sauko da shi bakin kogi, inda ƙasa ke da santsi. Inda baro ko amalanke zai shiga, a bar masa aikin. Samari kan ɗauki neman taimako a matsayin ragwanci, kuma su ne muke gani suna ɗingishi kafin su kai shekara 40.

Dashen shinkafa, cirar ciyawa da yanka da lauje ba su da nauyi, amma suna riƙe mutum a duƙe na sa'o'i. A riƙa miƙewa bayan kowane minti 20 zuwa 30, a dafa ƙugu a ɗan lanƙwasa baya kaɗan. Ƙotar fartanya mai ɗan tsawo tana rage duƙawa. A cikin gida ma haka abin yake ga mata: wanki da wanke-wanke a duƙe, shara da gajeriyar tsintsiya, jan guga, ga goyo a baya. Zama kan kujera 'yar tsugunno, ko ɗora bahon wanki a kan wani abu mai tudu, ya fi sauƙi ga baya. Kada a ɗora wa yara tallar da sai an taya su ɗauka da ƙyar, domin wuyansu bai gama ƙwari ba.

Yanka, sara da tufafi

Shiga fadama ba takalmi, musamman bayan ambaliya irin ta 2022, na jawo taka kwalba, ƙusa ko kututturen kachala. Dogon takalmin roba yana kare wannan, yana kuma rage haɗarin saran maciji. Idan an yanke, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta da yawa, a danne da ƙyalle mai tsabta har jini ya tsaya. Kada a zuba ƙasa, toka, baƙin mai ko kashin shanu. Ta nan ƙwayar cutar sarƙewar haƙora ke shiga. Rauni mai zurfi ko mai datti yana buƙatar allurar rigakafinta idan an fi shekara 5 ba a yi ba. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Babbar riga, rawani da mayafi ba su dace da kusa da bel ɗin injin niƙa ko na casa ba, kuma a kashe inji kafin a sa hannu cire abin da ya maƙale. Mace a bayan babur ta tattare hijabinta kafin a tashi, don kada taya ta naɗe shi.

In baya ya riga ya riƙe

Yawancin irin wannan ciwo na sauƙi cikin mako 6. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sanƙarar da baya; gara a ci gaba da tafiya a hankali, a gasa wurin da ruwan ɗumi, a koma aiki sannu-sannu. A yi hattara da diclofenac, ibuprofen da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake saya a kemis ko hannun 'yan talla. Shan su kullum, musamman ga mai aiki cikin rana ba ya shan isasshen ruwa, yana illa ga ƙoda da ciki, kuma yankin Haɗeja da Gashuwa dama yana fama da yawan masu ciwon ƙoda. Tramadol kuwa ɓoye zafin yake yi, mutum ya ci gaba da ɓarnar, ga kama jiki.

A tafi Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa a ranar, ba sai gobe ba, idan ƙafa ta yi rauni ko tana ja, ko an daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba a sani ba. Haka nan idan ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗowa daga bishiya, mota ko babur. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a kai shi wurin mai ɗori; a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa har a isa asibiti.