Daga Tafireta zuwa Imel: Tarihin Takardar Labarai a Yola

Unguwar Shagari Low Cost da ke Yola ta samo sunanta ne daga shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wadda ta yi mulki daga 1979 zuwa 1983, lokacin da Yola take hedikwatar jihar Gongola. A wancan zamani, ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyin Yola da Jimeta suna fitar da takardar labarai, wato 'yar mujallar da ake rarraba wa mambobi, ta hanyar tafireta da sitansil. Sitansil takarda ce mai kaki wadda haruffan tafireta suke hudawa, sannan a ɗaura ta a injin Gestetner, a yi ta juya hannunsa har tawada ta ratsa hujojin ta hau kan farar takarda.

Babbar matsalar mai buga Hausa ko Fulatanci ita ce haruffa masu ƙugiya, irin su ɓ da ɗ, waɗanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta taimaka wajen yaɗa su tun kafuwarta a Zariya a 1939. Yawancin tafiretoci ba su da su, don haka sai mai bugu ya sa waƙafi a gefen harafin, ko ya bi shafin da alƙalami yana lanƙwasa kowace ƙugiya da hannu.

Da kwamfuta ta shigo, manhajoji irin su Microsoft Word suka ba da damar jera ginshiƙai da hotuna, amma ƙugiya ta dogara da wani salon haruffa na musamman da ke cikin na'urar marubuci kaɗai. Idan aka kwashe rubutun aka zuba a imel, wato wasiƙar intanet, sai ginshiƙai su wargaje, haruffan su koma akwatuna, ko a cire ƙugiyar har ƙasa ta zama kasa. Maganin ya zo daga Unicode, tsarin da yake ba kowane harafi lambarsa, wanda ya fara fitowa a 1991. Yaɗuwar wayar salula kuma ta sa masu tsara imel suka koma ga ginshiƙi ɗaya, domin ya dace da ɗan allon waya.

Tunda magabata sun kiyaye ƙugiya da alƙalami, marubucin yau ba shi da hujjar yin watsi da ita.