Labarin Auna Aikin 'Yan Sanda da Ƙidaya a Birnin New York

A shekarar 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin New York na ƙasar Amurka. A zamanin nan lissafin laifuffuka ba ya isa gaban manyan 'yan sanda sai bayan watanni, watau sai ɓarawo ya daɗe da sake unguwa.

To, akwai wani ɗan sanda mai tsaron jiragen ƙarƙashin ƙasa, ana ce da shi Jack Maple. Shi ne ya manna taswirori a bango, duk tashar da aka yi fashi ya sa mata alama, har ya gane inda 'yan fashi suka fi yin ɓarna. Da William Bratton ya zama Kwamishina a 1994, sai ya jawo shi kusa, suka kafa tsarin da ake kira CompStat. Kowane mako shugaban kowane ofishin unguwa ya aiko da ƙidayar manyan laifuffuka bakwai, a zuba a kwamfuta. Sa'an nan a kira shi taro da sassafe, a tsai da shi gaban taswira, a tambaye shi abin da ya sa sata ta yawaita a titi kaza, da dabarar da ya yi. Da yawa waɗanda suka kasa amsawa an sauke su. A 1998 kisan kai bai kai 700 ba, ko da yake masana na gardama kan rabon tsarin a wannan nasara, gama laifi ya ragu a sauran biranen Amurka ma.

Amma duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ƙara ya san inda gizo ke saƙa: wanda ake aunawa da ƙidayar, alƙalamin rubuta ta yana hannunsa. A dokarsu satar da ta wuce dala 1,000 babban laifi ce; in an rage wa kayan kuɗi a takarda, sai ta fita daga bakwai ɗin nan. Wani mai ƙara kuwa a yi ta ja masa rai har ya haƙura.

Wani ɗan sanda a Brooklyn, Adrian Schoolcraft, ya ɗauki muryoyin shugabanninsa a ɓoye cikin 2008 da 2009 suna umurni da irin wannan. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, ya kwana shida. A 2012 aka ji cewa binciken hukumar da kanta ya gaskata shi.