Kashin Maƙera a Aikin Titi: Gwajin da Ake Yi Kafin a Shimfiɗa Shi

Kashin maƙera shi ne dunƙulen dattin da ke tasowa a saman ƙarfe idan aka narka shi a tanderu, wanda yake daskarewa kamar dutse idan ya huce. A manyan masana'antu yakan taru tsibi-tsibi. A Nijeriya ana samun sa a kamfanin ƙarafa na Aladja da ke Jihar Delta, wanda aka buɗe a 1982, da kuma masana'antun da ke narka tsofaffin ƙarafa a yankin Ikorodu na Jihar Legas da Ogijo a Jihar Ogun. Ganin tsadar tsakuwar da ake fasawa daga dutse, injiniyoyi sun daɗe suna duba yiwuwar maye gurbinta da shi, kamar yadda ake yi a Amurka da Jamus da Japan.

Ƙarfi da juriya

Gwajin farko shi ne na juriyar gugar zirga-zirga, wanda ake kira gwajin Los Angeles. Ana zuba samfuri a cikin gangar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, a juya ta sau 500, sannan a tankaɗe a auna abin da ya zama gari. Na biyu shi ne gwajin CBR, wanda ke nuna nauyin da shimfiɗa za ta iya ɗauka bayan an daddale ta. Ƙa'idojin aikin tituna da gadoji na Gwamnatin Tarayya na 1997 sun buƙaci aƙalla kashi 80 cikin 100 ga shimfiɗar da ke ƙarƙashin kwalta, da kashi 30 ga wadda ke ƙasa da ita. Kashin maƙera yakan ci waɗannan gwaje-gwaje, domin yana da tauri da kaushi, kuma kwalta tana kama shi sosai. Sai dai ya fi tsakuwa nauyi, saboda haka dakonsa zuwa nesa yana iya cinye ribar da ake nema.

Kumburi

A nan gizo ke saƙar. Lokacin tace ƙarfe ana zuba farar ƙasa a tanderu don ta janye datti, kuma wani ɓangare nata yakan rage a cikin kashin ba tare da ya narke ba, tare da sinadarin magnesiya. Idan ruwa ya taɓa su sai su kumbura: farar ƙasar cikin makonni ko watanni, magnesiyar kuwa tana iya ɗaukar shekaru. Titin da aka miƙa lafiya lau sai ya fara tsagewa yana yin tudu da kwari bayan damina ɗaya ko biyu. A ma'aunin ASTM na Amurka, ana daddale samfuri a jiƙa shi a ruwa mai zafin digiri 70 na tsawon kwana 7, a riƙa auna yadda yake tashi. A Turai da tururi ake yin gwajin. Maganin da aka saba shi ne a baza kashin a fili na wasu watanni, ruwan sama ko na yayyafi ya ratsa shi har kumburin ya ƙare, sannan a sake gwadawa.

Ruwa da ƙasa

Gwaji na ƙarshe ya shafi lafiyar jama'a. Ruwan da ya ratsa kashin maƙera yakan fito da kaifi irin na ruwan toka, yana kuma barin farin gamsakuka mai tauri da ke toshe magudanai. Wani kashin yana ɗauke da sinadarai irin su kuromiyam da banadiyam. Don haka ake jiƙa samfuri a auna abin da ya tsatso, musamman idan titin zai bi kusa da rijiyoyi ko fadama.

Kashin kowace masana'anta ya danganta da irin tanderunta da abin da ta narka, saboda haka sakamakon gwajin wani tsibi ba ya zama hujja ga wani. Duk tsibin da za a kwasa sai an gwada shi a karan kansa.