Tankar Jamus a Tafin Hannu: Abin da Kwatanci Yake Nunawa da Abin da Yake Ɓoyewa



Na san akwai wanda zai ji kan wannan lacca ya ce a ransa, ina ruwan jami'a da kayan wasan yara? To, a yi mini haƙuri har in kai aya. Bahaushe ya ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Yau dai ni zan ɗauko abin da yaro yake riƙe da shi a hannu, in roƙi manya su dube shi da idon masu nazarin tarihi.

Mu fara daga gida. Wanda ya tashi a ƙasar Gwaram, kamar a Farin Dutse da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san cewa da zarar an yi girbin dawa, yara sun sami abin yi. Sai ka ga yaro ya feɗe kara, ya ware ɓawo daban totuwa daban, ya sassaƙa ƙafafu, ya soke su da tsinke, kafin la'asar ya fito da motar kara har da bodinta. Da gwangwani da langa-langa da waya suka yawaita, aka koma yi da su. Wannan sha'awa ta rage babban abu a mai da shi ƙarami daɗaɗɗiya ce. A duwatsun Birnin Kudu, watau su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, wanda Bernard Fagg ya yi nazarinsa a shekarun 1950. Shanun da ke jikin dutsen ba su da tozo, alhali kuwa masu tozo ne suka cika ƙasar a yau. Ashe mai zanen ya adana mana labarin wata irin saniya da ta riga ta gushe daga wannan yanki, ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba.

A ƙasashen Turai da Japan wannan sha'awa ta zama sana'ar masana'antu. A Ingila, kamfanin Airfix ya fitar da kwatancin tarakta ƙirar Ferguson a 1949, sa'an nan ya shiga yin jiragen ruwa da na sama da tankokin yaƙi na roba. A birnin Shizuoka na Japan, kamfanin Tamiya, wanda asalinsa aikin katako yake yi, ya fitar da tankar Jamus mai suna Panther a farkon shekarun 1960 bisa ma'aunin kashi ɗaya cikin 35, kuma wannan ma'auni ne ya zama karɓaɓɓe ga masu harkar a duniya. Mai saye yakan sami kwali cike da gutsattsarin roba da takardar bayani. Shi zai yanke kowane gutsure, ya goge, ya liƙa da gam, ya shafa fenti. Cikin tankokin da ake haɗawa kuwa, da wuya a sami wadda ta kai Tiger farin jini.

Mece ce Tiger? Babbar tanka ce da kamfanin Henschel ya ƙera a birnin Kassel daga 1942 zuwa Agusta 1944. Nauyinta ya kai kimanin tan 57, kaurin sulkenta ta gaba milimita 100, bakin igwarta milimita 88, mutum 5 ke aiki a cikinta. Tsawonta har da igwa ya ɗara mita 8, saboda haka kwatancinta a ma'aunin da na ambata bai wuce santimita 24 ba, watau ɗan fiye da taƙi guda. Ƙanwarta, Tiger ta biyu, ta fi ta nauyi, don ta kusa tan 70.

Dole in yaba wa masu wannan aiki kan abu ɗaya, shi ne tsantseni. Wanda ya ƙware ba ya shafa fenti sai ya tambayi shekara. Ya san cewa ruwan toka mai duhu ne launin tankokin Jamus kafin Fabrairu 1943, daga nan aka koma ruwan ƙasa mai ɗorawa. Ya san cewa wani kwaɓi mai suna Zimmerit, wanda ake yaɓa wa sulke don kada nakiya mai maganaɗisu ta kama, daga ƙarshen 1943 zuwa Satumba 1944 kaɗai aka yi amfani da shi. In ya yaɓa shi a jikin tankar da ta yi yaƙi a Tunisiya, 'yan'uwansa za su ce ya yi wa tarihi ƙarya. Ina ma ɗalibanmu na tarihi za su riƙa bin hujja da irin wannan naci.

Sai dai kwatanci yana da wani aibi, kuma shi ne ya sa na tsaya gabanku. Yakan fito da ƙarfe tas, ya shafe mutum da dalili.

Abu na farko da yake ɓoyewa shi ne cewa Tiger ba ta ci yaƙi ba. Duk abin da aka ƙera bai wuce guda 1,350 ba, Tiger ta biyu kuwa ba ta kai 500 ba. A ɗaya ɓangaren, Amurka ta ƙera tankar Sherman kimanin 49,000, Rasha ta ƙera T-34 fiye da 50,000. Ga tsada, ga shan mai, ga nauyin da gadoji da yawa ba sa ɗauka. Ƙafafunta da aka jera a sarƙe da juna, waɗanda suke ba mai haɗa kwatanci sha'awa, su ne taɓo da ƙanƙara suke cushewa a Rasha har tafiya ta gagara. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Abu na biyu shi ne hannun da ya yi aikin. Dubban mutanen da ke masana'antar Henschel a lokacin yaƙi, kamammu ne da gwamnatin Hitila ta kwaso daga ƙasashen da ta mamaye, ta sa su aikin tilas. Mu ma nan mun ɗanɗana irin wannan. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar da take samu daga can, sai gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, har zuwa 1944. Sanyi da cuta da ƙarancin abinci sun kashe da yawa daga cikinsu. Babu kamfanin da ya taɓa sa waɗannan bayin Allah a kwali.

Abu na uku shi ne rawar da ƙasarmu ta taka. Tun Satumba 1940 jiragen ruwa suka riƙa sauke manyan akwatuna a Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A cikinsu akwai jiragen yaƙi a wawwarware. Sai a haɗa su gutsure-gutsure, kamar yadda mai kwatanci yake yi a kan teburinsa, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum, su dangana da Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Ƙarfin sama da aka tara ta haka yana cikin abin da ya kori rundunar Rommel daga Masar da Libiya zuwa Tunisiya. A can Tunisiya ne, a Afrilu 1943, sojan Ingila suka kama Tiger mai lamba 131 kusan lafiya lau, bayan wani harsashi ya maƙale kan igwarta har ya kasa juyawa. An kai ta gidan tarihi na Bovington a 1951, kuma masu ƙera kwatanci suna zuwa su auna ta ƙusa-ƙusa. Kowa a cikinsu ya san lamba 131. Nawa ne suka san cewa filin jirgin Kano yana cikin labarinta?

Sojojinmu kuwa ba su haɗu da Tiger ba. Rundunar Nijeriya ta yaƙi Italiyawa, ta shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, ta wuce Harar a Habasha. Daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka yi gumurzu da Japanawa a dazuzzukan Bama, a kwarin Kaladan da Arakan, har suka ci Myohaung a Janairu 1945. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Sunan barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga wannan yaƙi suka samo asali, amma mutum nawa ne cikin masu wucewa ta ƙofarsu kullum za su iya faɗin haka?

Saboda haka roƙona ga jami'a da hukumomin ilmi guda biyu ne. Na ɗaya, a daina raina motar kara. Yaron da ya iya daidaita ƙafafu huɗu da ido, in aka ba shi ma'auni aka koya masa rage abu kashi ɗaya cikin 35, ya kama hanyar zama injiniya. Motar kara ba ta wuce damina guda, don haka ya kamata gidajen tarihi irin su Gidan Makama su tattara ta su adana. Na biyu, in za mu koya wa yaranmu haɗa kwatanci, mu ba su namu labarin su haɗa: filin jirgin Kano a 1942, ramin kuza da ma'aikatansa, sojan Bama ɗauke da kaya a ka yana ƙetare kogi. Tsofaffin da suka ga wannan zamani sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Gwaram da Birnin Kudu, wasu ma suna riƙe da lambobin yabo a ƙasan adaka. A tura ɗalibai su je su ji daga bakinsu, su rubuta, tun kafin wannan ma ya bi shanun jikin dutse.