Turanci a Gidan Mujaddadi: Abin Koyi ga Ɗaliban Sakandare na Wurno da Rabah da Goronyo

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu waiwayi tarihin gabashin Sakkwato domin neman amsar wata tambaya da ke damun malaman Turanci a makarantun sakandare na wannan yanki: wa za a nuna wa yaro a ce ga wanda ya koyi harshen nan kuma bai ɓata ba? Tambayar tana da nauyi, domin ɗalibin da ya faɗi Turanci a jarrabawar fita sakandare ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ga kuma iyayen da ke ɗari-ɗari da harshen Nasara.

A farkon lamari baƙo ne ke neman harshen mai gida. Sa'ad da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, wasiƙar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi zuwa ga Sarkin Ingila da Larabci aka rubuta ta. Haka nan Heinrich Barth, da ya sauka Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba, da Larabci da Hausa ya yi hulɗa da fada. Bayan 1903 sai al'amari ya juye.

Wanda ya fi dacewa da abin da muke nema shi ne Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah ɗan Muhammadu Bello. Da allo ya fara, kafin a kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda aka ba furucin Turanci muhimmanci ƙwarai. Ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934 lokacin da aka naɗa shi hakimin Rabah. Amma a ganinmu darasin da ya fi cancanta a kai aji shi ne na watan Maris 1953 a Majalisar Wakilai ta Legas. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna kuwa ya nemi a cire shekarar a sa ’yan kalmomi masu ma'anar da zarar hali ya yi. A kan wannan gyara majalisa ta hargitse, aka shiga rikicin da ya kai ga taron tsarin mulki na Landan a wannan shekara. Ko mutum ya yarda da matsayinsa ko bai yarda ba, ba ya musun cewa makomar Arewa ta rataya a kan sanin nauyin kalma cikin harshen da ba a haife shi da shi ba.

Sai dai kada mu rufe ido ga gaskiya. Sardauna ɗan sarauta ne, kuma hanyar Katsina ba kowane ɗan talaka ta buɗe wa ba. Malamin da ya ɓoye wannan, ɗalibansa za su gano shi. Ban da haka, misalinsa bai isa ga yarinyar da ke aji a Goronyo ba.

Ita, abin koyinta na nan kusa. Nana Asma'u (1793–1864), wadda ta yi zaman Wurno, ba ta san Turanci ba, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa don jama'a su fahimta. Ke nan ƙara harshe a kan harshe tsohuwar al'ada ce a gidan Shehu. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack sun buga tarin ayyukanta tare da fassarar Turanci, wanda malami zai iya ɗibar darasin karatu daga cikinsa ya ajiye kusa da asalin Hausarsa.